Motata mai dizal ta ƙi shan mai, famfo sai katsewa yake

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu motar dizal da makanikan cikinmu ku taimaka min da shawara, abin nan ya fara isata. Duk sanda naje gidan mai, da an saka bakin famfo an matsa, lita biyu ko uku kawai zata shiga sai kaji ƙas ya katse kamar tanki ya cika, alhali geji ko kwata bai kai ba. A sake matsawa ya sake katsewa, haka za'ai ta yi, na baya suna ta danna min hon, mai zuba man yana harara ta kamar ni na ƙera motar. Wani lokacin ma man har tsartuwa yake ya dawo waje ya ɓata jikin mota. Da can ba ta yin haka wlh. Matsalar famfonsu ce ko motar ce?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Bari in zauna anan in ji amsa, tawa ma tana ɗan yi amma bata kai taka ba.

Ɗan Famfo: Yallaɓai na daɗe ina aikin zuba mai kafin in bari, wannan kullum sai mun gani. Tambaya ta farko, a wane famfo ake zuba maka? Gidajen mai da yawa famfon dizal iri biyu ne dasu, akwai na manyan motoci mai ƙaton baki, akwai na ƙanana. Na ƙananan wajen lita 40 yake bayarwa a minti ɗaya, na tirela kuwa daga 70 zuwa sama, wani har ya wuce 120. Idan aka ɗura ma ƙaramar mota da wancan, wuyan tankinta bazai iya haɗiye shi ba, dole ya dawo. In kuma a ƙaramin ne, kace ma yaron kar ya cusa ƙarfen har ƙarshe, ya ɗan jawo shi baya kaɗan, ya karkata shi gefe ko ya juya hannun sama, sannan ya matsa rabi. Motoci da yawa da haka kawai suke sha lafiya.

Sarkin Gardama: Hhhh ku dai ku faɗi gaskia. Dabara ce ta masu gidan mai, duk katsewa ɗaya mita tana tsalle, kai kana ganin lita goma a allo amma abinda ya shiga bai kai ba. Shi yasa ma baya son ya gyara riƙon.

Ɗan Famfo: Haba malam, wace riba yaro zai ci da tsayuwa kan mota ɗaya yana matse matse hannu na ciwo layi na ƙaruwa? Mu da muka yi aikin babu motar da muke gudu irin wannan.

Injiniya: Sarkin Gardama wannan karon ka kauce hanya. Mitar tana cikin jikin famfo ne, kuma man da ya ratsa ta shi take ƙirgawa, tiyon nan kuma kullum cike yake da mai har zuwa hannu. In baki ya rufe mai ya tsaya, mita ta tsaya. Wanda yake son cutar mutane saitin mitar zai taɓa, shiru kake ji babu ƙas babu komai, kana murmushi ana yankarka.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake katsewa don a nan amsar take. In ka ɗauki bakin famfo ka duba ƙasan ƙarfen kusa da tsininsa zaka ga wani ɗan rami ƙarami. Daga ramin nan akwai siririn bututu da ya bi ta cikin ƙarfen ya koma cikin hannu, ya haɗu da wani waje da hanyar mai ta tsuke. Mai in ya bi ta matsatsen waje gudunsa yana ƙaruwa ƙarfin matsinsa ya ragu, sai ya riƙa zuƙo iska ta wannan ɗan ramin. Wani masani ɗan Italiya mai suna Venturi ne ya yi rubutu kan wannan tun 1797, da sunansa ma ake kiran abin. To muddin iska na shiga ta ramin, famfo zai ta zuba. Da zarar wani abu ya toshe ramin, zuƙar sai ta koma kan wata 'yar faifan roba a cikin hannun, ta ja ta, sakata ta saki, bawul ya rufe. Shine ƙas ɗin da kuke ji. Babu lantarki a ciki, babu kwamfuta, kuma famfo bai san ko tankinka ya cika ko bai cika ba, abinda ya sani kawai ramin nan ya toshe. Mai ne ya toshe shi ko kumfa ko tsartuwa, duk ɗaya ne a wajensa.

Maman Sadiq: Ikon Allah, ni duk a zatona wani na'ura ne yake auna tankin.

Injiniya: A'a Hajiya. Kuma dizal ya fi fetur wannan rigimar saboda kumfa. In ya fito da ƙarfi ya daki bangon wuyan tanki sai ya tashi kamar an kaɗa sabulu, kuma tunda ya fi fetur kauri kumfar bata saurin kwanciya. Shi yasa wasu kamfanoni suke zuba masa sinadarin kashe kumfa, man da babu shi ko yayi kaɗan zaka ga ya fi damun mutane. Amma Baban Amira, kumfa yawanci sai tanki ya kusa cika take katse famfo. Wanda yake katsewa tun daga lita biyu a tanki kusan wayam, ni motar nake zargi.

Auta: Ni na gani a YouTube ance gwangwanin gawayi ne yake toshewa, wanda yake tsotse tururin mai. A canza shi kawai shikenan.

Oga Makanike: Auta zauna tukunna. Wancan bidiyon na motar fetur ne. Fetur ne yake tururi sosai shi yasa aka masa gwangwanin gawayi, kuma gaskia ne in ya toshe famfo yana katsewa. Dizal baya tashi haka, yawancin motocinsa basu da wannan abin sam. Kar ka tura bawan Allah kasuwa neman kayan da babu a motarsa, wani ɗan kasuwar ma sai ya ɗauko masa wani abu yace shine.

Alhaji Baban Amira amsa min waɗannan. A gidan mai ɗaya take yi ko ko'ina? An taɓa buga maka motar ta baya, ko ta gefen da murfin tanki yake? An sauke tankin kwanan nan, ko an yi wani aiki a ƙarƙashi ta baya? Sannan in ka buɗe murfi bayan doguwar tafiya kana jin iska tayi fuuu?

Baban Amira: Oga ko'ina take yi, na canza gidajen mai, kuma a ƙaramin famfo ake zuba min. Ba'a taɓa bugunta ba Alhamdulillah. Amma tanki kam an sauke, kwanaki na sha wani mai da ruwa a ciki motar ta riƙa shaƙewa, aka sauke aka wanke. Yanzu da ka faɗa inaga bayan nan ne abin ya fara. Iskar murfi kuma ban lura ba.

Oga Makanike: Toh ai magana ta fito. Tanki da kake gani ba wayam yake ba, iska ce cike a ciki, duk litar mai da zata shiga sai litar iska ta fita. Ka taɓa cika jarka da mazurari wanda ya toshe bakin ruf? Ruwan sai ya tsaya a mazurarin yana ɓulɓul har sai ka ɗan ɗaga shi iska ta samu hanya. Haka tankin mota yake, shi yasa banda babban bututun da mai yake bi akwai wani siririn tiyo da ya taso daga saman tanki ya bi gefen babban ya haɗe dashi can sama kusa da baki. Ta nan iska take fita lokacin zuba mai. In yaran gareji sun zo mayar da tanki, ga nauyi ga gaggawa, suna ɗaga shi da jak sai tiyon nan ya naɗe ko ya matse tsakanin tanki da bodi, su ɗaure belin su tafi, mota ta tashi lafiya kowa yace aiki yayi kyau. Sai kaje gidan mai iska ta rasa hanya sai ta babban bututun, ta turo man sama, ya taɓa ramin da Injiniya ya faɗa. Tsartuwar da kake gani ma ita ce.

Ba sai an sake sauke tanki ba da farko. A cire tayar baya ta ɓangaren murfi, a cire robar da ta rufe cikin wajen tayar, zaka ga bututun biyu suna gangarawa tare. A bi siririn da hannu har inda ya shiga saman tanki.

Kawu Mai Tirela: Sannunku da ƙoƙari yara. Makanike ya faɗi gaskiya amma a ƙara da zanzaro. Motar da ta daɗe a ajiye, in tana da tiyon numfashi mai buɗaɗɗen baki, zanzaro yana shiga ya gina ɗakinsa da laka a ciki ya toshe shi tas. Na sha cirewa da waya a manyan motoci. Laka ta hanya ma tana yi. Alamarsa kuma shine abinda ya tambaya, ka buɗe murfi kaji tanki ya ja iska, wani lokaci kana tafiya mota ta riƙa rasa ƙarfi kamar mai ya ƙare, ka buɗe murfi ka rufe ta dawo daidai. Na taɓa ganin tankin roba da ya lotsa ciki saboda haka.

Oga Makanike: Allah ya ƙara girma Kawu, haka ne. Sai dai a bambance, numfashi biyu ne. Akwai na lokacin zuba mai wanda nake magana, akwai kuma ƙaramin da yake barin iska ta shiga a hankali yayin da inji ke shan mai, wani a murfi yake wani a saman tanki tare da bawul ɗin da yake rufewa in mota ta kife kar mai ya zube. Naka na biyun ne yake kawo lotsawar tanki. Na Alhaji nafi zargin na farko.

Kawu Mai Tirela: Na yarda ɗana. Ku kuka san ƙananan nan, mu namu tankin a waje yake kana leƙa ciki da ido.

Sarkin Gardama: Ni dai har yanzu ban ga dalilin da zai sa ace famfo bashi da laifi ba. Ina da abokin da tasa a famfo ɗaya kawai take yi.

Injiniya: Ai babu wanda yace famfo baya lalacewa. Baki yana faɗuwa ƙasa tsinin ya lanƙwashe, datti yana shiga ɗan ramin, in ya toshe rabi to da ƙaramar tsartuwa zai katse, kuma kowace mota tazo haka zai mata. Gwajin ai mai sauƙi ne, in mota ɗaya ce a famfo da yawa motar ce, in famfo ɗaya ne da motoci da yawa famfon ne. Na abokinka famfon ne, ya koma na kusa dashi. Baban Amira yace ko'ina.

Maman Sadiq: Don Allah kafin a wuce, tawa daban ce. Bakin tankin akwai wani ɗan marfin ƙarfe a ciki, wani famfon yana shiga sumul wani kuma sai yaron yayi ta jijjigawa, in bai shiga sosai ba sai ya katse nan take man ya taru a baki. Ran da mai ya yanke min aka kawo a jarka ma ƙin shiga yayi, ƙanina yayi ta turawa da tiyo man na bin taya.

Injiniya: Hajiya wannan ba lalacewa bace, kariya ce da aka saka don kar a zuba miki fetur. Bakin famfon fetur siriri ne, wajen milimita 21, na dizal na ƙananan motoci wajen 24 zuwa 25, na manyan motoci kuma 30 ko sama. Kinga bakin dizal baya shiga motar fetur, amma na fetur yana shiga motar dizal ba wahala, shi yasa kuskuren ya fi faruwa ta wannan ɓangaren. Sai masu ƙera mota suka saka marfi mai 'yan maɓallai a gefe, sai ƙarfe mai daidai kaurin bakin dizal ya danna su tare sannan ya buɗe. Siriri bazai buɗe ba, ƙato bazai shiga ba, wanda ya lotse ma yana iya ƙi. Ford suna da irinsa da suke kira Easy Fuel, babu ma murfin murɗawa, kuma motar tana zuwa da mazurarin roba na musamman don zuba mai daga jarka. Wasu Land Rover kuma wani marfi ne ruwan ɗorawa yake faɗowa ya tare hanya in an saka siririn baki, kuma bazai koma ba sai an saka wani ɗan makullin roba da yake zuwa da motar an mayar dashi. Wanda bai sani ba sai yayi ta fama yana cewa tanki ya toshe.

Auta: Ni da tawa ce sukundireba zan saka in ɓalle marfin in huta.

Oga Makanike: Ka ɓalle, ran da wani yaro mai barci ya ɗura maka fetur zaka zo ka same ni. Injin dizal na zamani famfonsa yana matsa mai sama da bar 1,600 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), wasu har 2,000, kuma babu wani man giris da yake shafa cikinsa sai dizal ɗin kansa. Fetur yana wanke santsin nan, ƙarfe ya ci ƙarfe, garin ƙarfen ya bi layi ya shiga injektoci masu fesa mai cikin inji duka ya dawo tanki. Aikin ba na canza abu ɗaya bane. Kuma tunda maganar tazo, duk wanda aka zuba ma fetur kar ya tada mota, kar ma ya murɗa makulli don wasu da ka kunna famfon cikin tanki yake fara turawa. A tura ta gefe a zuƙe.

Banda haka in ka ɓalle marfin guntun robar ina zai faɗa? Cikin bututun. Can ƙasa inda bututu ya shiga tanki motoci da yawa suna da wani ɗan marfin da yake hana mai dawowa, in abu ya maƙale a nan ka sayi irin ciwon Baban Amira da kuɗinka. Masu cusa tiyo suna zuƙar mai daga tanki ma suna lalata shi.

Baban Amira: Jama'a na dawo da labari. Mun cire tayar da robar kamar yadda Oga yace, babban bututun lafiya lau, siririn kuma daga sama kamar ba komai, sai da yaron ya kwanta ya haska da tocilan muka ga inda ya bi ta bayan belin tanki ya naɗe biyu, wajen ya baje fyaɗe har robar tayi fari ta fara tsagewa. Da aka sassauta belin aka zaro shi ma bai koma daidai ba, sai sabo aka saka. Naje na sha mai ya tafi ɗiii ba tsayawa. Sai dai can kusa da cika ya katse, yaron ya jira kaɗan ya ƙara wajen lita biyu ya sake katsewa. Wannan ɗin fa? Allah ya saka da alheri Oga, Injiniya, Kawu da kowa.

Ɗan Famfo: Wannan kam lafiya ce yallaɓai, kumfa ce. In ya katse na farko ka jira kamar rabin minti ta kwanta, a ƙara a hankali, ya katse na biyu a cire.

Kawu Mai Tirela: Mu dai a zamaninmu sai mun ga mai da ido a baki muke cewa ya cika, har girgiza mota muke. Mai doguwar hanya baya barin wuri a tanki.

Injiniya: Kawu da girmanka, a tirela da take kama hanya nan take tana shan mai da yawa babu damuwa sosai. Ƙaramar mota kuwa da gangan aka bar fili a saman tanki. Dizal yana kumbura da zafi, kusan kashi 0.08 cikin ɗari a duk digiri ɗaya. Ka ɗauki lita 60 da ta fito da sanyinta daga tankin ƙarƙashin ƙasa, ka ajiye mota a rana man ya ƙaru da digiri 20, ka samu ƙarin kusan lita ɗaya kenan, ga kuma man da yake dawowa daga inji da zafinsa. In babu fili ta numfashi ko ta murfi zai fita. Kuma dizal in ya zuba a kwalta baya bushewa da wuri kamar fetur, santsi yake, mai babur ne zai zo kwana ya taka.

Kawu Mai Tirela: Maganar mai babur ta kama ni. Toh na ji.

Ɗan Famfo: Wani abu da na manta, masu cewa a zuba a hankali. In an matsa kaɗan sosai man na ɗiga ɗiga, zuƙar nan bata da ƙarfi, famfo zai iya ƙin katsewa gaba ɗaya har mai ya malalo. Haka famfon da tacensa ya toshe yake gudu a hankali shima yana yi. Don haka in kace ma yaro ya rage, to ya tsaya a wajen hannunsa a kai, kar ya saka sakata ya tafi karɓar kuɗin wani.

Auta: Oga tambaya, in tiyon ba naɗewa yayi ba toshewa ce, ba sai in je wajen mai faci a hura masa iska ba?

Oga Makanike: Za'a iya amma a cire tiyon daga jikin tanki tukunna a hura shi shi kaɗai. In ka hura yana haɗe dattin cikin tanki zaka tura, in murfi a rufe yake kuma ka kumbura tankin roba ko ka fasa bawul, in a buɗe yake mai ya watso ma wanda ke tsaye a fuska.

Maman Sadiq: Injiniya wai mazurarin da kace, a ina ake ajiye shi? Ni ban taɓa ganinsa ba tunda na sayi motar.

Injiniya: Ki ɗaga kafet ɗin but ki duba wajen safayar taya da jak, yawanci nan yake, wani kuma a aljihun gaba. In ta hannu kika saya ƙila mai ita na farko ya yar, ana samunsa wajen masu kayan mota, ki dai tabbatar na dizal aka baki don na fetur siriri ne bazai buɗe marfin ba.

Sarkin Gardama: Ni dai duk da haka idona na kan mita.